Rasuwar Shuɗiya, Wayar Ofishin Bakin Get

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa masu cike da hon ɗin tireloli, Malama Badi'a Ɗayyabu, mai buga takardun fita a ofishin bakin get na kamfanin fatar Alhaji Gwadabe da ke Challawa, tana sanar da 'yan'uwanta ma'aikata, na shif ɗin safe da na yamma, da direbobi, da masu gadi, da duk wanda ya taɓa jingina a tagarta yana jiran takarda, rasuwar abokiyar aikinta kuma aminiyarta, Shuɗiya. Ga wanda bai san ta da wannan suna ba, ita ce doguwar wayar nan shuɗiya da ta haɗa kwamfutar Badi'a da babbar kwamfutar kamfani. Ta rasu ranar wata Litinin, makonni uku da suka wuce, da misalin ƙarfe goma na safe, a bakin filaya. Ta tafi tana da shekara goma sha ɗaya a duniya da tsawon mita tamanin da bakwai.

A gafarci mai makoki da jinkirin sanarwa. Ba a ga gawar ba ne sai shekaranjiya.

Baba Isyaku mai lantarki shi ne ya kawo marigayiya kamfanin nan, a naɗe cikin kwali, daga wani shago a titin Beirut. Shi ya hau tsani ya bi da ita jikin bango, ya ratsa da ita ta siton gishiri, ya ɗaga ta saman ƙofar ɗakin da manyan gangunan jima suke juyawa, ya sauko da ita ta bayan famfo, har ya shigar da ita ƙarƙashin teburin bakin get. Ranar da ya soka kanta a bayan kwamfuta aka ji muryarta a karo na farko. Ta ce: ƙas. A iya sanin Badi'a, wadda ta zauna da ita shekara shida, ba ta taɓa faɗin wata kalma bayan wannan ba. Idan aka cire ta don a share ƙura aka mayar, sai ta ce ƙas, wata 'yar koriyar fitila ta kama ƙiftawa, shi ke nan an koma aiki.

Aikin kuwa kowa ya san shi. Babu motar da ke fita daga kamfanin nan da fata ko ƙwaya ɗaya sai da takardar fita, bugaggiya, mai ɗauke da zanen nan na layi-layi a ƙasanta, kuma lambar takardar daga babbar kwamfuta take zuwa. Masu gadi ba sa karɓar rubutun hannu ko da na Alhaji ne da kansa, domin shi ya kafa dokar, kuma ya taɓa korar mutum a kanta. Shuɗiya ce ke zuwa ta ɗauko lambar ta dawo. Kafin direba ya gama cewa "Malama, ya gida, ya yara," duk da ya san Badi'a ba ta da yara, firinta ta riga ta turo takardarsa da ɗuminta.

Marigayiya mace ce mai riƙon amana. Abin da aka ba ta a wannan kai, shi take kaiwa wancan kai, ba ta tsaya a hanya ta ba wani labari. Wanda yake son jin abin da ke cikinta sai ya zo da ƙafarsa, ya durƙusa ƙarƙashin tebur a gaban kowa ya cire ta, kuma a shekara goma sha ɗaya ba a sami mai wannan ƙarfin halin ba. Ba ta san bango ba. Kauri ko siriri, na bulo ko na ƙarfe, inda aka huda mata nan take bi. Ganguna su yi ta ruri har ƙasa ta girgiza, janareto ya tashi, hadari ya haɗo daga gabas, warin jima ya kori baƙo tun daga titi, ita tana nan yadda take jiya. Ba ta taɓa cewa yau mutane sun yi mata yawa ba.

Ba za a yi wa mamaci ƙarya ba, tana da nata halin. Mai ɗaure mutum ce. Inda aka dasa ta nan za ka zauna, ko rana ta shigo ta taga ta gasa maka ƙeya. Badi'a ta so ta matsar da teburinta kusa da fanka tun shekararta ta farko, Shuɗiya ta ce ba ta kai can ba. Ba kyakkyawa ba ce kuma. Ƙura ta zauna mata, gizo-gizo ya yi gida a kafaɗarta, kuma ɓera ya taɓa gutsurarta a siton gishiri, Baba Isyaku ya ɗaure wurin da jan salatif, ta ci gaba da rayuwa da tabonta. Sannan akwai wuri guda, a bakin ƙofar babban ofis, inda ƙusar da ke riƙe da ita ta fita tun bara, ta sauko ƙasa ta kwanta a kan hanya. Duk ma'aikata sun san wurin. Kowa ɗaga ƙafa yake ya tsallake, ba tare da ya ma duba ba, kamar yadda ake tsallake kwata a ƙofar gida.

Ajali ya zo ne cikin takalmi mai tsini. Watanni biyu da suka wuce Alhaji ya miƙa ragamar ofis ga ɗansa, Yallaɓai Mu'az, wanda ya dawo daga karatu a waje da digiri biyu da kwamfutar hannu siririya kamar faifai. Ranar Alhamis ɗin da Turawa masu sayen fata suka zo duba kaya, Yallaɓai yana gaba yana yi musu bayani da hannu biyu, yana tafiya da baya don kada ya ba su ƙeya. Bai san wurin tsallakewa ba. Waɗanda suka gani sun ce hularsa ta riga shi isa ƙasa. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauko ta ya karkaɗe ya miƙa masa, kuma wannan kirkin ne ya fi komai yi masa ciwo.

Marigayiya ba ta ko girgiza ba. A daidai lokacin ma takardar mota ta huɗu take kaiwa.

Jinyar kwana huɗu ce. Juma'a aka kira taro. Yallaɓai ya ce duniya ta wuce waya, ofisoshin da ya gani a can ko zare ba ka gani a ƙasa, komai a iska yake tafiya. Baba Isyaku ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙusa ɗaya ce ta fita. A ba ni minti biyar."

"Baba, ba ƙusa ce ta fita ba," in ji Yallaɓai. "Zamani ne ya fita. Ranar Litinin kada in ga waya ko ta ɗaure akuya."

Haka kuwa aka yi. Wanda ya kawo ta duniya shi aka sa ya kashe ta. Ya datse kanta na babban ofis, ya tako har bakin get ya datse ɗayan, bai yarda sun haɗa ido da Badi'a ba. Koriyar fitilar ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Aka zare ta daga bango aka jefa a bola bayan sito.

Magajinta, waifai, ya iso da yamma cikin farin kwali: wani ɗan akwati baƙi mai ƙaho huɗu a tsaye. Mai makoki ba ta son a ce baƙin ciki ya hana ta adalci, don haka ta yarda a rubuta cewa yaron yana da baiwa. A babban ofis ya yi abin mamaki. Yallaɓai na iya ɗaukar kwamfutarsa daga tebur zuwa kujerar hutawa, daga nan zuwa baranda, yana aiki yana kaɗa ƙafa. Sakatariya ta matsar da teburinta inda take so. Ba huda bango, ba tsani, ba ƙusa. Da kamfanin duka ɗaki ɗaya ne, da babu mai kukan Shuɗiya sai mai taurin kai.

Amma tsakanin babban ofis da bakin get akwai bango uku, da gishiri buhu ɗari-ɗari, da ganguna shida na ƙarfe da katako. Abin da ke isowa wurin Badi'a bayan ya ratsa wannan duka bai fi numfashin mai barci ba. An soka wa kwamfutarta wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa aka ce shi ne kunnenta. Da safe yakan nuna sanda ɗaya ta sabis. Da an kunna ganguna sandar ta tafi.

A kwana na uku wani ya raɗa wa Yallaɓai cewa irin wannan akwati kuɗi ne da shi, kuma ma'aikata suna kallonsa da yawa. Nan take ya sa aka sauke shi daga bango, aka sa shi cikin kabad ɗin ƙarfe na ofishinsa, aka lanƙwashe masa ƙahoni don ƙofa ta rufu, aka datse da kwaɗo. Tun daga ranar babu wanda ya sace shi. Babu kuma wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa a bakin get.

Sai maganar lambar sirrin waifai. Yallaɓai ya zaɓe ta da kansa, bai gaya wa kowa ba sai shugabannin sassa, kuma ya zaɓi abin da ba zai manta ba: sunan 'yarsa ta fari da shekarar haihuwarta. Abin da ya manta shi ne, kamfanin nan kaf, har da masu wankin fata da suke zuwa a keke daga ƙauyukan bayan kogi, sun je sunan yarinyar a Hotoro, sun ci ragon, sun karɓi kalanda mai hotonta da sunanta da kwanan wata. Kalandar tana rataye a ɗakin masu gadi har yau. Kafin mako ya zagayo, bayan bangon ofishin Yallaɓai ya zama dandali. Lokacin hutun rana za ka ga mutum talatin a jere cikin inuwa, da takalman roba da safar hannu a aljihu, kowa ya jingina bayansa da bangon kamar mai jin ɗumi, wannan yana kallon ƙwallo, wannan wa'azi, wannan yana hira da matarsa a Maraɗi fuska da fuska. Ɗan abin da ya tsira daga kabad su ke shanye shi tun a bakin tushe. Marigayiya ta mutum ɗaya ce. Magajinta na kowa ne, ban da wadda ke da aiki da shi.

Badi'a ta yi duk abin da mai haƙuri zai yi. Ta juya kwamfuta gabas, ta juya ta yamma. Ta ɗora ta a kan kwalaye biyu kusa da taga, ita kuma ta hau kujera tana danna madanni daga sama, mayafinta na zamewa, direbobi na kallo. Wani zobe da ke tsakiyar gilashin kwamfutar ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, kamar jakin da aka ɗaure a turke. A waje layin tireloli ya kai titi. Idi, babban direban da ke kai kaya Legas, ya sa kansa ta taga ya ce, "Malama, in iskar ce ba ta zo ba, mu yi miki fifita mana. Ga kwali."

Kweri na farko, wato takardar tuhuma, ya zo ranar Laraba: ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu, me ya sa motoci ke kwana a get. Ta zauna ta rubuta shafi biyu da rabi, da rubutunta mai kyau, ta ambaci bango da gishiri da ganguna da kabad, ta kai da kanta. Yallaɓai ya karanta layi uku, ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Sanduna huɗu cif, a taku biyu daga kabad.

"Kin gani? Matsalar ba ta na'ura ba ce, Malama Badi'a. Ta tunani ce."

"Yallaɓai, ko da ƙofar kabad ɗin kawai za ku sa a buɗe."

"A sace ki biya?"

Kweri na biyu ya zo mako guda bayan nan, da jan layi a ƙarƙashin wata jimla. Kowa a kamfanin nan ya san ba a ba da na uku. Takardar sallama ake bayarwa. Kuma ranar Litinin mai zuwa tirela tara za su tashi da kayan Turawan nan, dole su bar get kafin sha biyun rana in ana son su riski jirgin ruwa a Legas. Yallaɓai ya faɗa a gaban sakatariya cewa in mota ɗaya ta makara, akwai matasa da yawa a gari da suka iya zamani.

Shekaranjiya da azahar Badi'a ta je rumfar Gwaggo Hajjo, mai sayar wa ma'aikata shinkafa da wake a bayan katanga, ba don tana jin yunwa ba. Ta zauna a benci ta ɗaga kai. Daga bishiyar dalbejiya zuwa sandar rumfa, daga sandar zuwa katanga, a dawo, a sake komawa, har sau shida, an ja wata igiya shuɗiya an shanya tsummokan tukunya da zannuwa biyu da wandon aikin wani. A tsakiyar zagaye na huɗu akwai jan salatif. Badi'a ta ajiye cokali. Ba ta san hawaye sun zubo ba sai da Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Igiyar shanya kike wa kuka, ko yajin ne ya yi yawa? A bola na tsince ta, wallahi ban taɓa samun mai ƙwarinta ba. Ko bargo ta ɗauka ba ta lotsa."

Aka kira Baba Isyaku. Ya zo ya bi ta da yatsu taƙi-taƙi, ya matse mata sababbin kawuna biyu, ya soka su a wata 'yar na'urarsa ta gwaji mai fitilu takwas, ɗaya don kowace jijiya da ke cikinta. Fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya har takwas. Ya kashe na'urar. Sannan ya ce, "To, 'yata. Tunda Yallaɓai ya ce ta mutu, ta mutu. Mu kuma ba a san mu da barin gawa a rana ba. Cewa ya yi kada ya gan ta. Haƙƙinta ne a rufe ta inda ba za a gan ta ba."

Marigayiya ta bar mijinta, tsohon akwatin nan mai jerin fitilu da ke ɗan ɗakin ƙarƙashin bene kusa da babbar kwamfuta, wanda har yanzu raminta a jikinsa yake a buɗe, kuma mukullin ɗakin yana hannun Baba Isyaku. Ta bar firinta, wadda ba ta ci takarda da daɗi ba tun ranar. Ta bar ƙannenta huɗu gajeru, da aka raba su: biyu suna ɗaure da tamfol a motar Idi, ɗaya tana riƙe da ƙofar banɗaki, ɗaya kuwa, Allah mai iko, akuyar mai gadi take ɗaure da ita. Ta bar Badi'a da kweri biyu a jaka da mahaifiya a Dakata da ba a gaya mata komai ba tukuna.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe takwas na safe, bayan motar Yallaɓai ta kama hanyar Kaduna ɗaurin auren abokinsa. Ba a gayyace shi ba, don a tausaya wa zuciyarsa. Babu salla, marigayiya waya ce. Gwaggo Hajjo za ta sauke shanyarta ta goge gawar da ɗanyen tsumma, kuma an riga an sayo mata igiyar roba madadinta, ko da yake ta ce ba za ta kai waccan ba. Likkafani farin bututun ruwa ne, ragowar aikin famfo. Kabarin zai zama mafi tsawo da aka taɓa haƙawa a Challawa, mita tamanin da 'yan kai, zurfinsa taƙi biyu, daga bayan ɗakin ƙarƙashin bene, a bi gindin katanga ta bayan siton gishiri, har ƙarƙashin teburin bakin get. Idi da sauran direbobi takwas sun ɗauki nauyin haƙa, sun ce kowa ya zo da digarsa. Bisa wasiyyar da Baba Isyaku ya ce ya fahimta daga halinta, ba za a rufe ta duka ba. Za a bar kai ɗaya a waje a wurin mijinta, ɗayan a bayan kwamfutar Badi'a, a sa kwandon shara a gabansa. 'Yar ƙwayar gyaɗar nan za ta ci gaba da zama a gaban kwamfuta inda ido zai gan ta.

Ana roƙon masu rakiya kada a yi kururuwa, kada a ɗauki hoto, musamman 'yan bayan bango, kuma a daddaɓe ƙasar da kyau a watsa tsakuwa a kai.

Sadakar uku ta faɗo ranar Litinin. Za a raba takardun fita guda tara a tagar bakin get, da ɗuminsu, kafin sha biyun rana. Ana sa ran Yallaɓai zai leƙo da kansa ya ga motoci na fita, ya juya ya ce wa Badi'a, "Ba na gaya miki ba? Tunani ne." Duk wanda ke wurin ana roƙonsa ya riƙe fuskarsa ya ce, "Allah ya ƙara basira, Yallaɓai." Wanda ya san dariya za ta ci ƙarfinsa, ya yi ta'aziyyarsa daga nesa.

Mai makoki tana godiya ga duk wanda ya zo da wanda ya aiko. Gobe bayan an mayar da ƙasa, kowa ya tsaya inda yake, a yi shiru na ɗan lokaci, Badi'a za ta durƙusa ƙarƙashin tebur ita kaɗai. In kun ji ƙas, sai a watse.